Ina jan da ke cikin hoton?

Makon jiya na miƙa wa wanda zai gaje ni kalmomin sirrin shafukan da ke hannuna, na kwashe 'yan komatsaina daga kan tebur, bayan shekara huɗu ina gina wa masu ɗaukar hoto shafukan baje kolin aikinsu. Ya roƙe ni in rubuta masa 'yan shawarwari. Na zauna zan jero masa su ɗaya, biyu, uku, sai na ga duk ta inda na biyo, wurin wani dattijo nake ɓullowa. To bari in fara da shi, in ya so sauran su samu abin da ya rage.

Dattijon hoton mutane yake ɗauka, fuska da tufafi, kuma tun zamanin fim yake sana'ar, lokacin da ake wanke hoto a ɗakin duhu. Ya zo mana da hotuna 36 kacal, ya ce daga cikin dubbai ya tsamo su, kuma yadda ya jera su haka yake so su fito. Wani kamfanin talla yake son ya nuna wa aikinsa, ba don haka ba da bai zo ba. Tsohon shafinsa da Flash aka gina shi, wata manhajar Adobe ta sa motsi a shafukan intanet, kamar na masu hoto da yawa a wancan zamani, kuma tun da Adobe ta daina kula da Flash a ƙarshen 2020, duk wanda ya buɗe shafin sai ya tarar da fili fetal. Dattijon ya taɓa shan wuya a hannun masu gina shafi, shi ya sa yake kallon irinmu a kaikaice. Ban ga laifinsa ba.

A wannan lokacin Oga ya kamu da ciwon maki. Google ta fito da ma'aunin Core Web Vitals a 2020, wanda a cikinsa ake so babban abin da ke kan shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, sai Oga ya mayar da makin PageSpeed Insights, na'urar Google ta auna saurin shafi, abin da yake tallata mu da shi. Daga 90 zuwa sama kore ne, kuma shi in ba kore ba, ba ka yi aiki ba. Ga shafin lauya ko na makaranta wannan ba wuya. Shafin mai hoto kuwa kayan nauyi ne daga sama har ƙasa. Kyamara mai megafiksel 24 tana fitar da hoto mai fiksel 6000 a faɗi, 4000 a tsaye, kowanne megabait da dama, kuma babu wani rubutu da za ka sa mai kallo ya riƙa karantawa kafin hoton ya iso.

Gwajin farko ya fito ja. Oga ya turo mini saƙo da daddare: in matse hotunan, in cire duk abin da ba hoto ba a cikinsu, gobe yana son ya ga kore. Na rubuta ɗan umarni na layi biyu, ya rage faɗin kowane hoto zuwa fiksel 2000, ya juya shi zuwa WebP, wani tsarin matse hoto don ya rage nauyi, ya share duk bayanan da ke maƙale a jikinsa. Maki ya tashi zuwa 97. Na ɗauki hoton allon na tura wa Oga, na kwanta ina jin kaina.

Abin da ban tsaya na duba ba shi ne, a cikin "duk abin da ba hoto ba" akwai ɗan fayil ɗin da ke gaya wa burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, ma'anar launukan. Hoto a kwamfuta lambobi ne kawai, ja kaza, kore kaza, shuɗi kaza, daga 0 zuwa 255. Amma 200 na wane ma'auni? Intanet ta ginu ne a kan sRGB, wanda HP da Microsoft suka tsara a 1996. Masu buga hoto a takarda da yawa kuwa Adobe RGB na 1998 suke aiki da shi, don ya fi faɗi, musamman ta ɓangaren kore. Jan da sRGB ke kira 255, a Adobe RGB kusan 219 ne. Idan ka cire shaidar da ke cewa wannan hoton Adobe RGB ne, burauza za ta ɗauka sRGB ne, ta karanta 219 a matsayin jan da bai nuna ba. Komai sai ya koɗe. Dattijon a Adobe RGB ya fitar da hotunansa daga Lightroom, manhajar gyaran hoto, kamar yadda ya saba yi wa masu buga masa. Shaidar da na zubar, girmanta bai cika kilobait ɗaya ba.

Kuma kada a ce ban kalli shafin ba. Na kalla. Na ga hotuna sun fito, ba su karkace ba, ba su dusashe ba, na wuce. Ban taɓa ajiye na asali kusa da nawa ba, ko sau ɗaya.

Bayan kwana biyar ya shigo ofis da wata babbar ambulan a hammatarsa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce a buɗe masa shafin, hoto na bakwai, wata mata sanye da jar riga tana jingine da bango. Ya zaro hoton da ya buga a takarda ya kara shi a jikin allon. A takarda rigar kamar garwashi. A allona kamar tsohon bulo. Fatar matar, wadda a takarda har wani ɗumi take yi, a wurina ta yi fari-fari kamar wadda ta tashi daga jinya.

Ya juyo ya ce, "Ɗana, wannan hoton nawa ne?"

Na ce, "Naka ne, Baba."

Ya ce, "To ina jan?"

Ashe a gaban mutanen kamfanin tallan ya buɗe shafin, a kwamfutarsu, bayan ya gama gaya musu cewa shi launi ne ƙarfinsa.

Ban kai ga buɗe baki ba Oga ya riga ni. "Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri. Yaran nan ne. Wallahi ban san ya taɓa hotunan ba." Wayata tana aljihuna, saƙonsa yana ciki, da ranar da lokacin. Na yi shiru. Har yau ina juya wannan shirun a raina. Wani sa'in in ce ladabi ne, don ba a kunyata babba a gaban baƙo, wani sa'in in ce tsoro ne kawai. Kuma ko da na fito da saƙon, ai shi bai ce in kashe launi ba. Bai ma san akwai wani abu wai shi Adobe RGB ba. Ni ne ya kamata in sani, ni aka ɗauka aiki don in sani. Laifin nawa ne, ban musa ba. Abin da ya tsaya mini a wuya rantsuwar ce.

Da dare na buɗe hotunan da ExifTool, manhajar da ke nuna bayanan da ke jikin hoto, don in ga iya ɓarnar, sai na tarar da ta biyu, wadda babu wanda ya lura da ita. Tare da shaidar launi na share bayanan IPTC, inda dattijon ya rubuta sunansa da haƙƙin mallakarsa a jikin kowane hoto. Tun 2018 Google Images take nuna sunan mai hoto daga waɗannan bayanai. Wato na saki aikin mutum na shekara da shekaru a intanet ba suna, duk wanda ya sauke ya tsinci dami a kala. Da safe na kira shi da kaina na gaya masa. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce zai zo da la'asar, a ajiye masa kujera kusa da tawa.

Gyaran kansa bai ɗauki awa biyu ba. A fara juya hoton zuwa sRGB yadda ya kamata, a maƙala masa shaidarsa, a bar suna da haƙƙin mallaka, a cire lambobin GPS kaɗai, don ba kowa ke so a gane gidan da aka ɗauki hotonsa ba. Na sake gwaji. Makin bai ragu ko da ɗaya ba. Wannan ya fi komai yi mini ciwo. Da a ce na sayar da launin na sayi sauri, da sai in ce ciniki ne ya faɗi. A banza na zubar da shi. Garin neman gira na rasa ido, girar ma ashe tana nan.

La'asar uku ya yi a gefena, kuma a nan na koyi abin da ban koya ba a shekara biyun da suka gabata. Ya sa na ƙara girman gefen jar rigar, inda ta haɗu da baƙin bango, ya nuna mini yadda jan ya ɗan zubo waje kamar rini a ruwa. Ni ban gani ba sai da ya ɗora yatsa. Daga baya na gano dalili: WebP, wanda Google ta fitar a 2010, idan yana matse hoto yakan sa fiksel huɗu su yi tarayya a bayanin launi ɗaya, kuma ja mai ƙarfi ne ya fi shan wahalar wannan. Hotuna shida muka mayar JPEG, tsohon tsarin 1992, aka bar wa kowane fiksel launinsa. Suka ƙara nauyi, maki ya sauka zuwa 92. Ban tambayi Oga ba.

Sai kuma ya zo kan shafin farko, inda na jera ƙananan hotuna cikin murabba'ai masu girma ɗaya, abin da nake ganin ya yi tsaf. Ya nuna wani hoto ya ce, "Ina hannun mutumin nan?" Akwatin ya datse shi. Hotunansa 3 bisa 2 ne, sigar fim ɗin milimita 35 mai faɗin 36 da tsayin 24, kuma duk abin da ke cikin wannan iyaka shi ya zaɓi ya sa shi tun yana leƙa kyamara. Ya ba ni labarin Bafaranshen nan Henri Cartier-Bresson, wanda yakan sa a buga hotunansa da siririn baƙin gefen fim a jiki don kowa ya shaida ba a yanke komai ba. Ya ce, "Shi ke nan mutum ya hana editan jarida yanka, sai ga akwatinka yana yi ba sallama." Na rushe murabba'an, na bar kowane hoto da sigarsa, mai tsaye da tsayinsa, mai kwance da faɗinsa. Shafin ya rasa wannan tsaf ɗin da nake alfahari da shi, kuma ya fi kyau nesa ba kusa ba. Inuwar da na sa a bayan hotuna da motsin da suke yi idan an kai linzami kansu, duk ya sa na cire. Ya ce hoton ba ya bukatar a yi masa rawa.

Aikin kamfanin tallan bai same shi ba. Bai taɓa cewa saboda ni ba ne, kuma da ya faɗa da ya fi mini sauƙi.

Sauran abubuwan, ɗan'uwa, ba su da yawa. Ka tambayi kowane mai hoto a wane ma'aunin launi ya fitar da aikinsa kafin ka taɓa fayil ɗaya. Ka duba shafin a waya, a allo mai arha, a hasken rana, don a nan kwastomominsa za su gan shi, ba a babban allon ofis ba. Hoton farko kada ka jinkirta lodinsa, na ƙasa ne ake bari sai an gangaro. Idan mai hoto ya kawo maka 300, ka lallaɓa shi ya rage, amma shi zai rage, ba kai ba, kuma jerin da ya yi kada ka sauya don wai launuka su dace da juna. Zai ce ka toshe danna maɓallin dama na linzami don kada a sace masa hoto. Ka gaya masa gaskiya cewa mai ɗaukar hoton allo bai san da wannan ba. Lambar waya da imel su kasance inda makaho ma zai lalubo su. Sunan shafin a yi rajistarsa da sunan mai shi, ba da na kamfani ba, ko da an ce maka haka ya fi sauƙi. Za a ce maka hakan. Na san dalilin da ya sa ake faɗa.

Duk umarnin da aka ba ka da baki, ka nemi a rubuta. Ba don ka nuna wa kowa ba. Ni ma ban nuna ba.

Takardar bincike mai layi 11 da za ka gani manne a bango, wadda aka rubuta "Tsarin Kamfani" a samanta, a daren da na gano na share sunan dattijon na rubuta ta. Bayan wata biyu Oga ya karanta mana ita a taron ma'aikata a matsayin sabon tsarin da ya fito da shi don kare ingancin aiki, har ya kawo misali da wani kuskure da aka taɓa yi, ba tare da ya kalli inda nake ba. Ka bi ta dai, tana da amfani. Shafin dattijon kuma yana nan a sahun farko na ayyukan da ake nuna wa sababbin kwastomomi, kuma masu hoto huɗu da na yi wa aiki bayansa duk shi ya turo su, kowanne da sharaɗin cewa yaron nan za a ba.

A cikin faifan da na bar maka akwai wani babban fayil mai suna "gwaji". Hoto ɗaya ne a ciki, na matar mai jar riga, a Adobe RGB, da izinin mai shi. Duk sabuwar manhajar matse hoto da aka kawo maka, ka fara wuce da shi ta ciki, ka ajiye abin da ya fito kusa da na asali. Na takardar kuwa, wanda ya kara a jikin allona ran nan, ya bar mini shi a rana ta uku. Oga ya gan shi a cikin kwalina lokacin da zan fita, ya tambaya ko na ofis ne. Na ce a'a, Yallaɓai, nawa ne.