Yadda na ɗura ruwa a cikin zaren gilashi

Ranar da na fara ɗora zaren a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ramin tsakiyarsa ya bayyana mini kamar ɗigon tawada. Faɗinsa bai kai maikiromita 5 ba, wato silin gashin kai ya ninka shi kauri fiye da sau goma. Aikina shi ne in cika ramin da ruwan kabon daisalfaid, wanda muke kira CS2, sannan in harba hasken leza ta ciki.

Zaren intanet gilashin silika ne marar rami, kuma haske yana bin tsakiyarsa ne don ta fi gefen ƙarfin lanƙwasa haske. Ma'aunin CS2 a nan kusan 1.6 ne, na silika kuwa 1.44, saboda haka ruwan kan riƙe haske ba ya zuba. Abin da ya ja ni dai wani ne daban. Idan haske ya yi ƙarfi sosai, yakan canza halin abin da yake ratsawa, shi kuma abin ya rama ta hanyar canza launin hasken. Wannan martani a CS2 yakan kai kusan ninki 100 na silika, shi ya sa guntun zare mai tsawon kamu ɗaya kan yi aikin da gilashi zai buƙaci mitoci. Dabarar ma tsohuwa ce: tun 1970 Erich Ippen ya samar da hasken Raman, wato hasken da ƙwayoyin ruwan suka sauya wa launi, a zare mai CS2 a ɗakin binciken Bell na Amurka, a 1972 kuma Payne da Gambling na Jami'ar Southampton a Ingila suka gwada zaren ruwa don sadarwa, kafin tataccen gilashi ya ƙwace fagen.

Ɗurawar ba ta ba ni wuya ba. Da na tsoma baki ɗaya, ruwan ya hau da kansa, sai dai yana rage gudu: ninka tsawo biyu, jira sau huɗu.

A bakunan zaren biyu na sha wahala. CS2 yana tafasa a digiri 46 kacal, ko a ɗaki mai sanyi ma ƙafewa yake yi. Na cika zarena na farko, na tafi daidaita madubai, kafin in dawo iska ta shige bakin. Kwana biyu ina murɗa sukurori ina zargin lezar, ashe ƙwayar kumfa ɗaya ce ta tare hanya. Daga nan na koma saka kowane baki a ƙaramin akwati mai tagar gilashi, cike da ruwan, a toshe. Akwatin farko shi ma ya yi yoyo, don ruwan ya cinye mannin da na liƙe shi da shi. Ga wari, ga guba, ga saurin kama wuta. Ban ƙara buɗe kwalbarsa ba sai a akwatin zuƙe hayaƙi.

Da hasken ya ratsa, sai lissafina ya ƙi dacewa da abin da na'ura ke nunawa. Na yi lissafin ne kamar gilashi, wanda martaninsa kusan nan take ne. Ƙwayoyin CS2 kuwa dogaye ne kamar sanduna. Haske yakan juya su su fuskanci gefe guda, su ɗauki kusan fikosakan ɗaya da rabi kafin su watse (fikosakan kashi ɗaya ne cikin tiriliyan na daƙiƙa). Ruwan yana tuna hasken da ya wuce, ke nan. Gajeren bugun leza ba ya samun cikakken ninkin nan da nake alfahari da shi, don ya wuce kafin ƙwayoyin su gama juyawa. Wannan tunawa ce masu bincike a Jena ta Jamus suka nuna a 2017 tana haifar da dunƙulen haske na daban, mai baza launi ɗaya ya zama faffaɗan bakan launuka. Sai da na shigar da jinkirin cikin lissafi aka daidaita.

Na so in sauya da wani ruwa mai suna toluwin don ya fi sauƙin sha'ani, amma haɗin kabon da haidurojin da ke cikinsa yana shanye hasken da ke bayan ja, wanda ido ba ya gani. CS2 ba shi da haidurojin ko ɗaya, dole na haƙura da warinsa.

Zafi ma yana taɓa ruwan fiye da gilashi nesa ba kusa ba. Wata rana na dafa zaren da yatsa ina gyara shi, sai na ga bakan launukan ya gusa a allon kwamfuta. Washegari na naɗa masa ƙaramar wayar ɗumamawa, na fara juya launin da maɓalli.