Kamara a kan danja, ni dai ina goyon baya

Jiya da marece wajen babbar kasuwa wani ɗan kabu-kabu ya keta jar wuta a gabana, da mace goye da jariri a bayanshi, saura ƙiris wata kamyo ta kwashe su, wallahi har na kai gida hannuna na rawa. Shi ya sa nake ta tunanin kamarar nan da ake kafawa kan danja a ƙasashen waje, in ka wuce wuta na ja sai ta ɗauki hoton lambar motarka a aiko maka takardar tara har gida, ba roƙo ba "yallaɓai ka yi haƙuri".

Can ma fa gardama ake, a Amurka jahar Texas ta hana ta a 2019, masu adawa suna cewa neman kuɗi ne kawai, kuma tsoron tara na sa direba taka burki kwatsam na baya ya sare shi. Amma bugun baya ai bai kai karon gefe kisa ba.

Damuwata ɗaya, nan Maradi babura nawa ke yawo ba lamba, motocin da ke shigowa daga Najeriya ta iyakar Dan Issa kuma ina za a kai musu takarda? A fara gyara wannan tukuna, sannan a kawo muna kamarar.