Binciken abinci da ke ƙarewa a kantar ajiya, da wanda ya isa kasuwar Dawanau

Duk wanda ya taɓa leƙa baje kolin da jami'o'i da kwalejojin fasaha ke yi ya san abin da ake jerawa a tebur: garin fura na gwangwani, dunƙulen daddawa, busasshen tumatur a leda, injin gyaran gero, kowanne da ɗalibi tsaye a gefe sanye da farar riga yana bayani. A ɗanɗana, a yaba, a ɗauki hoto, shikenan. Badi ka dawo ka tarar da irinsu sak, sunan ɗalibin ne kawai ya canja. Kuma wallahi ba wai kayan ba su da kyau ba ne, wasu sun fi na kanti ma. Abin da nake gani shi ne tun farko babu wani mai jari da ke jiran sakamakon, babu wanda zai yi asarar ko sisi in abin bai fita ba.

Ba kuma cibiyoyi muka rasa ba. Tashar bincike ta Samaru tun 1922 take, ita ce ta zama IAR, cibiyar binciken aikin gona ta Jami'ar Ahmadu Bello. FIIRO da ke Oshodi a Legas tun 1956, aikinta kenan, binciken sarrafa kaya don masana'antu. Ga NOTAP, hukumar samo fasaha da bunƙasa ta, da aka kafa a 1979, har ofisoshi ta buɗe a jami'o'i don a riƙa yi wa ƙirƙira rajista ana haɗa ta da kamfanoni. To me ya hana?

Ku dubi labarin dawa, don ni a wajena ya fi kowanne bayyana yadda abin yake. A 1988 gwamnatin Babangida ta hana shigo da sha'ir mai tsiro, wanda kamfanonin lemon malt da na giya suka dogara da shi kacokan. Dare ɗaya suka wayi gari ko su samo madadi a gida ko su rufe. Nan fa aka ga manajoji suna neman masu bincike da kansu, ba masu bincike ke bin su da takarda ba. Aka koma kan dawa, aka gwada kaura irin SK5912 da farfara, wacce ke tsiro da kyau, wacce ke ba da zaƙin da ake so, har injina sai da aka yi wa gyara saboda dawa ba ta da ɓawo irin na sha'ir da ke taimakawa wajen tacewa. Daga baya Nigerian Breweries ya sa hannu tare da IAR aka fitar da sababbin irin dawa CSR-01 da CSR-02 a 2006. Na san wani zai ce ai kamfanin giya ne, e haka ne, ni ma ba tallarsu nake ba, amma Maltina da ake rabawa a wajen biki daga nan take, kuma Milo ɗin yara ma akwai dawar gida a ciki. An ɗage haramcin daga baya amma ba su saki dawar ba, don ta riga ta zauna musu, ga sauƙi ga ba sai an nemi dala ba. Manomin Kaduna ko Katsina da dilan kamfani ke saye a hannunsa bai san wani farfesa ba, ya dai san wannan irin yana da masu saye.

Sai buhun wake, wanda ya fi kusa da kicin ɗinmu. Masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka, su Larry Murdock, tare da takwarorinsu a Marwa ta Kamaru suka fara aikin tun ƙarshen shekarun 1980. Dabarar ba ta da wani wuya: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, a ɗaure kowanne tam, ƙwarin su shanye ɗan iskar da ta rage su mutu, ba fiya-fiya ba komai. Amma kun san shekara nawa wannan ilimin ya yi kusan a zaune? Sai a 2007 da gidauniyar Gates ta sa kuɗi aka yi abin da ya kamata, aka nemo kamfanin da zai riƙa bugawa, a Kano Lela Agro ne, aka nemo dilolin da za su kai kasuwannin ƙauye, su INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, da malaman gona a Najeriya suka shiga dubban ƙauyuka ana ɗaure buhu a gaban jama'a, bayan wata huɗu zuwa shida a dawo a buɗe a gaban kowa. Wannan buɗe buhun shi ya sayar da PICS, wato sunan buhun, ba takardar da aka buga a mujallar ilimi ba. In ka tuna a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da wakenmu saboda yawan maganin ƙwari a jikinsa, za ka gane ba ƙaramin abu ba ne.

Burodin rogo kuwa akasin haka ne. FIIRO da IITA, cibiyar binciken noma da ke Ibadan, sun yi aikinsu, burodin yana yiwuwa, zamanin Obasanjo aka ce a sa kashi 10 na garin rogo a fulawa, zamanin Jonathan aka sake tado da maganar har shugaban ƙasa na ci a gaban kyamara. Amma masu niƙa fulawa ba su ga ribarsu a ciki ba, rogo kuma in an tono shi kwana biyu ya fara lalacewa, garin ba ya samuwa iri ɗaya kullum. Yau je gidan burodin unguwarku ka tambaya.

Laifin ba na ɓangare ɗaya ba ne fa. Malami ƙarin girmansa na rataye ne da yawan takardun da ya wallafa, ba wanda zai tambaye shi katan nawa aka sayar, to don me zai ɓata shekara biyu yana zarya NAFDAC? Ƴan kasuwarmu kuma, Allah ya ba su haƙuri, da yawa so suke a ba su kyauta, ana maganar kason mai ƙirƙira sai a ce "Malam ai taimakon al'umma ne", ko kuma Alhaji ya gwammace ya yi odar inji daga Chana ko Indiya wanda ba a ƙera shi don geronmu mai tsakuwa ba. Ga wuta, abin da ya yi kyau a kilo biyu a lab in ka kai shi tan biyu kan dizal lissafin gaba ɗaya ya rushe, kuma wannan tsakiyar, wato gwajin matsakaicin sarrafawa, ita ce ba mai son biya.

Ni inda na fi ganin dama ma ba wajen manyan kamfanoni ba ne. Matan nan da ke sayar da garin kunun gyaɗa, garin ɗanwake, yaji da dambun nama a WhatsApp da Instagram, su ne masana'antar da muke da ita a hannu, suna da kwastomomi tuni, kuma tambayoyinsu a fili suke: me ya sa garin ke dunƙulewa da damina, wata nawa zai yi kafin man gyaɗar ya fara wari, wace leda ce ba ta shan iska, ya za a gane gyaɗar ba ta da gubar fumfuna. Kowace ɗaya a nan aikin kammala digiri ce guda, mai amfani kuma. Sashen kimiyyar abinci ya ware rana ɗaya a sati, Hajiya ta kawo samfurinta ta biya kuɗi daidai ƙarfinta, a haɗa ta da ɗalibi da malami mai duba shi, a rubuta a takarda tun ranar farko waye mai sirrin haɗin, nawa sashen zai samu in kaya ya karɓu. Takardar nan kada a ce sai an ga yadda ta kaya, don rigimar ba ta tashi sai kuɗi ya fara shigowa.