Macizai a hoto ɗaya, ma'ana biyu

A shekarar da na fara nazarin tarihin zane-zanen Turai, malaminmu ya ajiye mana hoton wani bugu, wato zane da aka buga a takarda, na ƙarni na 17, zamanin salon Barok, ya ce kowa ya faɗi abin da ya gani. Dattijo ne mai fukafukai ya sungumi wata mace marar sutura ya yi sama da ita, wasu mata biyu suna ƙasa cikin fushi. Na ce sace ta ya yi, don na riga na karanta tatsuniyar Rumawa ta Pluto da ya ɗauke Proserpina. Malam ya ce, "Duba abin da yaron nan na gefe yake riƙe da shi."

Lauje ne, da maciji da ya ciji wutsiyarsa ya zama zobe. Ashe dattijon Lokaci ne, macen kuma Gaskiya, kuma ceto ta yake yi daga hannun Hassada da Husuma. Nicolas Poussin ya zana shi a 1641 domin rufin wani ɗaki a fadar Kadinal Richelieu, babban ministan Sarkin Faransa, da ke Faris, daga baya Gérard Audran ya sassaƙa shi a farantin jan ƙarfe, aka shafa tawada aka buga a takarda, har ya isa hannun waɗanda ba su taɓa taka fadar ba.

Masu zanen wancan zamani suna da littafin da suke dubawa, wato Iconologia na Cesare Ripa, wanda ya fito a Roma a 1593, aka sake buga shi da hotuna a 1603. A ciki aka tsara siffar kowace ɗabi'a. Gaskiya ba ta da sutura saboda ba ta da abin ɓoyewa. Da na samu littafin sai na ɗauka na samu mabuɗin kowace ƙofa, na shiga haddar alamomi kamar mai haddar ƙamus.

Macijin ne ya dawo da ni kan hanya. Wanda ke hannun yaron yana nufin dawwama, amma macizan da suka zama gashin kan Hassada dafin zuciya suke nunawa. A wurin Ripa kuma, macen da ke wakiltar Tsinkaya tana riƙe da madubi da maciji, a nan hikima yake nufi. Abin ya yi mini kama da karin magana: ana iya jefa guda ɗaya don yabo, a jefa ta don habaici, sai ka san wanda ya faɗa da wanda aka faɗa wa. Shi ya sa tambayar wanda ya biya kuɗin aiki take da nauyi a wurina. Richelieu mutum ne mai maƙiya da yawa, kuma ina ganin ba banza ba ya so ya riƙa ɗaga kai yana kallon Gaskiya ta kuɓuta daga mahassada.

Yanzu idan bugu ya zo hannuna, daga ƙasa nake farawa, wurin ƙananan rubutun Latin. "Pinxit" na bin sunan wanda ya zana, "sculpsit" na wanda ya sassaƙa, "excudit" na wanda ya buga ya sayar. Sannan in tuna cewa faranti kan juya hoto, dama ta koma hagu, in ba mai sassaƙa ya kiyaye ba. Sai na gama wannan nake duba hannun kowa in ga abin da ya riƙe.