Tsutsar da Inna ta gani a cikin titus

Talata, Yawuri.

Yau Inna ta aike ni sayen titus na ƙanƙara, don tarwada ta yi tsada tun da kogi ya kawo. Tana cikin gyara sai ta ƙwala mini kira. A kan hantar ɗaya ga wata farar tsutsa siririya ta naɗe kamar gammo. Inna ta ce a zubar da kifin duka.

Baba Tsoho yana gindin bedi yana gyaran komarsa. Ya sa na kai masa, ya juya ta da tsinke, ya ce: "Wannan ba ta ruwanmu ba ce. Kowane kifi da tsutsarsa, jikana."

Maganar nan ta tsaya mini a rai har dare, don abin da muke karantawa ke nan a fannin kiwon kifi. Na ce masa, Baba, ka faɗi gaskiya, amma da saura. Wannan ta yi kama da Anisakis. Tana ƙarama ba ta da zaɓe: daga ƙananan jatan lande na teku take shiga titus ko duk kifin da ya haɗiye su. Amma ba ta balaga ta yi ƙwai sai a cikin manyan dabbobin teku masu shayarwa, irin su dolfin. Kifi masauki ne kawai a hanyarta. Masu zaɓen gaske su ne irin Philometra, waɗanda da yawansu kifi iri ɗaya suka sani, wasu ma sai a jakar ƙwansa kaɗai. Ta tarwadarmu kuwa, Contracaecum, jira take zalɓe ko kwasakwasa ya ci kifin, can za ta girma.

Nan Baba ya gyara zama. Ya ce ya sha ganin tsutsa a cikin tarwada, amma bai taɓa kawo zalɓe cikin lissafi ba. Wallahi na ji daɗin yadda ya saurare ni.

Inna dai tambayarta ɗaya: tsutsar titus ɗin za ta cuce mu? Na ce masu cin ɗanyen kifi take kamawa, kamar a Japan, kuma a Holan aka fara bayyana cutar a 1960. Dahuwa mai kyau tana kashe ta. Inna ta cire kayan cikin, ta soya kifin ya yi ƙayau, muka ci da tuwon shinkafa.

Gobe da asuba, in Allah ya kai mu, zan bi Baba bakin ruwa mu farke cikin tarwada tare.