Zafin gari: abin da na koya a bakin injin niƙa

Tun da na fara aiki da injin niƙa, da zarar gari ya fara zubowa sai in tara tafin hannu in damƙa. Laushi ba shi ne na farko a wurina ba, zafi nake ji. In ya fito da ɗumi-ɗumi, aiki na tafiya daidai. In kuwa sai na yarfe hannu, to wani abu ya karkace, ko a inji ko a hatsin, kuma ba na ƙara zuba ko ƙwaya ɗaya sai na gano shi.

Inji iri biyu na yi aiki da su. Na farko mai faranti ne, wanda masu niƙa suka fi kira dutse ko da yake ƙarfe ne: faranti biyu masu tsaga-tsaga, ɗaya a kafe, ɗaya na juyawa, hatsi na shiga tsakaninsu ana murje shi. Laushin gari ya dogara ga yadda ka matse su. Na biyu injin guduma ne, shi ba ya murza, duka yake yi. Ƙananan ƙarafa ne ke juyawa kamar sau 3,000 a minti ɗaya, suna farfasa ƙwayar har ta iya ratsa rariyar ƙarfen da ke kewaye da su. A nan girman hudar rariya ke yanke hukunci: milimita 1 ko ƙasa da haka don gari, milimita 3 zuwa sama don ɓarza ko abincin dabbobi.

Babban abin da ke jan mai injin faranti shi ne ya matse dutse tam, ya fitar da gari lukui a zubi ɗaya. Sauri ake gani, amma ni ban ga riba a ciki ba. In faranti ya haɗu da faranti, ƙarfe ne ke cin ƙarfe, kuma abin da ya goge ba ya ɓacewa, cikin garin yake shiga. Duk mai shakka ya naɗe mayen ƙarfe da farar leda ya ja shi cikin garin da aka niƙa da matsattsen dutse, zai ga baƙar ƙura ta manne. Ranar da na fara ganin haka raina ya ɓaci ƙwarai, domin abinci ne da yara za su ci. Shi ya sa nake zubi biyu. Na farko ɓarza kawai, dutse a sake. Sai in tankaɗe, garin da ya yi in ajiye shi gefe, tsakin kaɗai in mayar bayan na ɗan ƙara matsi. Garin ya fi sanyi, inji ba ya nishi, faranti kuma ya fi daɗewa kafin ya nemi wasawa. In an wasa faranti ko an sa sabo, niƙan farko ba na mutane ba ne. Nakan zuba hatsin da ba a damu da shi ba, in zubar da garin. Haka nan ba na barin inji ya juya babu komai a ciki alhali dutse na matse.

Sai danshi. Hatsin da za a niƙa busasshe ana so ruwan jikinsa ya kasance tsakanin kashi 12 zuwa 14 cikin 100. Ba kowa ke da na'urar aunawa ba, amma haƙori na nan: busasshiyar masara fashewa take yi ƙaras in ka ciza, mai danshi kuwa lotsawa take. Mai danshi tana cike tsagogin faranti, tana toshe hudojin rariya, garinta kuma ya yi hunhuna a buhu. Manyan masana'antun fulawa da ke amfani da gangunan ƙarfe masu juyawa suna murje ƙwaya a tsakaninsu, su da gangan suke jiƙa alkama zuwa kashi 15 ko 16, don fatar ta yi tauri ta fita falle-falle a raba ta da farin gari. Wannan dabarar masu cire dusa ce, ƙaramin injin da ke niƙe komai tare ba ya buƙatarta.

Inda na fi daɗewa ina nazari shi ne gyaɗa da 'yan'uwanta masu mai. Masara man jikinta bai wuce kashi 4 ko 5 cikin 100 ba, yawanci ma a ɗan ɓangaren da tsiro ke fitowa. Waken suya kusan kashi 20. Gyaɗa kuwa kusan rabin nauyinta mai ne, haka riɗi, haka ƙwayar ɗan itacen da ake kira almon. Abu biyu ke fito da mai daga ƙwaya, matsi da zafi, kuma su biyun nan su ne aikin injin niƙa. Don haka wanda ya zuba gyaɗa yadda yake zuba dawa, gari ba zai gani ba. Za ta fara fita a dunƙule, sai ta koma laɓu-laɓu, sai faranti ya yi santsi ya daina kama komai. A injin guduma ma abin ya fi muni, rariya ce za ta liƙe ɗungurum, sai an kwance an kankare.

Abin da ya yi mini aiki shi ne sanyi da haƙuri. Gyaɗar da aka soya sai ta huce sarai, domin soyayyar gyaɗa ta fi ɗanya saurin sakin mai. In da firji, a sa ta ciki ta ɗauki sanyi. Dutse a sake, zubi kaɗan-kaɗan, kuma da na ji murfin inji ya ɗau zafi sai in kashe in jira. In garin da ake so gauraye ne, nakan haɗa gyaɗar da busasshen hatsi tun daga mazubi, hatsin ya rinjaye ta, sai garinsa ya shanye man tun kafin ya taru. Mai son garin gyaɗa zalla mai laushin gaske kuwa, hanyar ita ce a fara matse man, a busar da tunkuzar, sannan a niƙa. Duk dillalin da ya ce injinsa na fitar da busasshen gari lukui daga ɗanyar gyaɗa a zubi ɗaya, a ce masa ya gwada a gaban mai saye.

Man nan shi ke sa gari ya yi maƙaƙi in ya daɗe, domin ƙwaya a rufe tana kare manta, da an fasa ta iska ta samu hanya. Nakan niƙa gwargwadon buƙata, in baza garin ya sha iska kafin a ɗaure bakin buhu.

Akwai abin da inji ba ya gyarawa. Ƙwayar gyaɗa ko masara da ta yi hunhuna tana iya ɗauke da gubar afalatoksin mai lahanta hanta, kuma dafuwa ba ta kawar da ita. Niƙa watsa ta yake yi cikin garin gaba ɗaya, inda ido ba zai ƙara ganinta ba. Tsince ta kafin niƙa ita ce babbar damar da mai niƙa yake da ita. Sannan akwai mutanen da ɗan ɓurɓushin gyaɗa ke iya toshe musu numfashi. Zuba busasshen hatsi don ya share ciki bai isa ba. Bayan gyaɗa kwance injin nake yi in wanke, in bar shi ya bushe don kada ya yi tsatsa.

Tsakuwa da ƙusa ma a tsince su, a kuma ɗaure mayen ƙarfe a maƙogwaron mazubi. Ƙusa ɗaya na iya fasa faranti ko ta yaga rariya, ta kuma ƙyasta wuta, ƙurar gari da ke tashi a rufaffen ɗaki kuwa tana kamawa kamar albarushi. A 1878 masana'antar fulawa ta Washburn da ke Minneapolis a Amurka ta tarwatse saboda ƙurar gari, mutum 18 suka mutu. Ɗakina ƙarami ne, amma taga a buɗe take, ƙura ba ta kwana a kan inji, takunkumi na kan hancina, bel da fuli, wato ƙafar ƙarfen da bel ke juyawa a kanta, kuma a rufe suke da raga don kada su fizgi hannun riga. Bayan na kashe inji nakan taɓa gidan boris, wato inda sandar inji ke juyawa a ciki, ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fi sauran zafi shi ke neman giris, in kuma an sa bai huce ba, canji yake so.