Godiya ga matan da suka tsince zanen Inna daga bola

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

Alhamdulillahi, mun koma gida. Ranar Asabar 2 ga Disamba, 2017, muka tattara 'yan komatsanmu daga ɗakin hayar da muka cunkushe mu shida har wata uku, muka kwana a gidanmu karon farko tun daren da ruwa ya kore mu. Kicin har yanzu babu ƙofa, falo sai warin fenti, a tabarma muke cin abinci. Amma ƙasa busasshiya ce. Wallahi nakan tsaya tsakar ɗaki ba takalmi don kawai in ji bushewarta a tafin ƙafata. Na gaji, irin gajiyar da barci ba ya kore ta, don haka ku yi min uzuri idan rubutun ya yi ta kewaye-kewaye.

Labarin Harvey, guguwar da ta jawo mana ambaliya a nan birnin Houston na Amurka, kun sha shi tun watan Agusta. Wasunku a waya kuka kwana tare da ni ranar da rafin Brays ya cika ya shigo mana. Ba zan sake mayar da ku can ba, ni ma ba na son komawa. Rana ɗaya kawai nake so in ba ku labarinta, domin ita ce ta tsaya min a maƙogwaro tun lokacin.

Washegarin Babbar Sallah ce. Sallar bana ta faɗo Juma'a 1 ga Satumba, muka yi ta da kayan aro, babu rago, babu ko tuwon sallah. Ranar Asabar muka dawo kwashe gida. Duk titin da ka bi a Houston a makon nan, kowace ƙofa da tsauninta: kafet, katifa, firij, kujeru, da allunan bango da ake yankewa daga ƙasa zuwa ƙafa huɗu don kada fumfuna ta haura. Ga zafi, ga wari. A kan namu tsaunin, da hannuna na ɗora akwatin lefena. Kwana shida yana jiƙe da ruwan kwata da laka. Atamfofi sun zuba a juna, leshi ya manne, a can ƙasa kuma ga zanen Inna. Zanen goyo ne, rinin Ƙofar Mata, da shi ta goye mu mu bakwai. Ni ce auta, shi ya sa ta cusa min shi a jaka ranar da zan taho ƙasar nan. Ta rasu a 2015, ban samu jana'izarta ba. Na ɗaga shi na ga baƙin tabon fumfuna, na mayar, na rufe akwatin, na kai shi bola. Ko kuka ban yi ba. Baban yara ya dube ni, ya kau da kai, ya ci gaba da jan kafet.

Sai ga matan ɗinki sun iso, mota biyu, da safar hannu da takunkumi.

Bari in ɗan tsaya saboda masu tambayata wace irin ƙungiya ce wannan da nake yawan zuwa. Mata ne masu ɗinka bargon ƙyallaye, wanda a nan ake kira kwilt. Hawa uku ne: sama ƙananan ƙyallaye da aka harhaɗa, tsakiya shimfiɗar auduga, ƙasa shafi, sannan a bi su da ɗinki a haɗe su wuri ɗaya. Sau ɗaya a wata ake babban taro a zauren wata coci da ake ba mu aro, ana biyan kuɗin shekara, akwai shugaba, akwai ma'aji. A ciki kuma akwai ƙananan rukuni da suke kira da sunan ƙudan zuma, masu haɗuwa gida-gida duk mako, kamar dai aikin gayya. Mafi yawan abin da ake ɗinkawa ba na sayarwa ba ne, jarirai bakwaini a asibiti ake kai wa, da tsofaffi, da wanda gobara ta ci gidansa. Kaɗaici ne ya kai ni a 2014, bayan na ga takardarsu a ɗakin karatu na unguwa. Ni 'yar tela ce, kuma ranar farko dariya ta kusa kuɓuce min: mutum ya je ya sayi sabon yadi da kuɗinsa, ya yayyanka shi gunduwa-gunduwa, sannan ya zauna ya sake haɗawa, yana auna bakin ɗinki kwatan inci kamar mai auna zinariya. A shagon Baba irin waɗannan guntaye matashi ake cusa wa, ko mu kwashe mu yi wa 'yar tsana riga. Su ma sun yi haƙuri da ni. Duk shekara suna ɗinka babban bargo a sayar da tikiti a fitar da mai rabo, na ce musu ni addinina bai yarda da wannan ba. Babu wadda ta ɓata rai, sai suka ba ni teburin sayar da ƙyallaye a ranar baje koli.

To, a cikin matan da suka zo akwai wadda yarana ke kira Goggo. Na san za ta yi faɗa idan 'yata ta fassara mata wannan, domin ba ta son a ambace ta, amma yau sai ta yi haƙuri. Baturiya ce, tsohuwar malamar firamare, ta haura saba'in, an yi mata aiki a gwiwa, ko matakala biyu sai ta dafa. Ina ciki ina kwashe kwanuka, na fito zubar da ruwa, sai na hange ta durƙushe a gindin bolar, a kan wannan gwiwar, cikin ranar nan. Ta buɗe akwatin. Tana zaro zannuwan ɗaya bayan ɗaya, ta ware, ta ɗaga wa rana, ta ja da yatsu ta ji ƙarfin zaren, sannan ta jefa a ɗaya daga cikin baƙaƙen ledoji uku da ta jera. Kunya ta kama ni. Kayan cikin akwatin mace, ga wari, ga maƙwabta suna wucewa. Na je na ce mata ta bari, sun riga sun mutu. Ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce auduga tana da wuyar mutuwa. Can sai ta tambaye ni: a cikin duk waɗannan, wanne ne kika kasa kallo?

Na nuna mata. Ba ta tambaye ni na wane ne ba. Ba ta kuma sa shi a leda ba. Ta dafa akwatin ta miƙe da ƙyar, ta ɗingisa zuwa motarta, ta zaro farar rigar matashi mai tsabta, ta ninke zanen Inna ninki huɗu yadda ake ninke abin da ake girmamawa, ta sa a ciki, ta ajiye shi a kujerar gaba. A nan ne kukan da na riƙe mako guda ya ƙwace min, a bakin titi, gaban kowa.

Ban sake jin zancen ba sai a watan Oktoba, da ta kira ni. Ashe sun raba ledojin gida-gida. Kowace ta wanke nata da ruwan sanyi, wanki kan wanki, tana shanyawa, abin da ya ruɓe a yar, abin da ya tsira a goge. Leshi dai bai kai labari ba. Atamfa kuwa, da yake auduga ce, an samu kusan rabi. Zanen Inna ya wanku, amma tsakiyarsa ta tafi, dama can goyon mutum bakwai ya cinye ta, gefe-gefen ne suka rage. Ta ce ba za su sa masa almakashi ba sai da izinina. Kwana biyu ban ba ta amsa ba. Na kira Yaya Babba a Kano, ta ce ke wace irin yarinya ce, Innar da ko tsumma ba ta yarwa, da tana nan da kanta za ta yanka. Na ce su yanka.

A taron Nuwamba, lokacin da kowa ke fitowa ta nuna abin da ta gama, sai mata biyu suka hau benci suka saki wani bargo. Akwai wani tsohon zubi da suke kira ɗakin gungume: ƙaramin murabba'i a tsakiya, a yi ta kewaye shi da dogayen ƙyallaye kamar ana jera itacen gini, gefe ɗaya masu haske, gefe ɗaya masu duhu. A al'adarsu tsakiyar ja ce, wai ita ce murhun gida. A nawa babu ja. Irin wannan ɗaki 48 ne a bargon, kowanne da shuɗin zanen Inna a tsakiya, atamfofin lefena sun kewaye shi. Na ga wadda na ɗaura ranar budar kai, na ga ta sunan ɗan fari. A bayan bargon suna ɗinka wani ɗan ƙyalle mai sunayen waɗanda suka yi aikin da shekara. A saman sunayen, da zare shuɗi, an rubuta Inna. Ashe 'yata suka tambaya me nake kiran mahaifiyata, ita kuma ja'irar ta riƙe sirri har wata guda.

Goggo, na gode. Na gode da ranar bola, na kuma gode da ranar da kika ja ni bikin barguna na duniya da ake yi duk shekara a zauren George R. Brown. Kin manta, ko ni ban gaya miki ba, a zauren nan muka yi kwana biyu cikin mutum wajen dubu goma a kan gadajen sojoji. Ina shiga ƙafata ta ɗauki rawa. Kika bar tikitinki ya tafi a banza, kika zauna da ni a waje har na dawo hayyacina. Allah ya ba ki lafiyar gwiwa, ya sa ki ga 'ya'yan jikokinki, ya haɗa ki da mai durƙusa miki ranar da kike buƙata.

Ma'ajinmu, wadda ta zagaya da ambulan a ɓoye har aka samo min tsohon keken Singer a madadin nawa da ruwa ya ci, na gode. Ƙararsa irin ta keken Baba ce sak. Mai dogon keke, wadda ke karɓar kuɗi inci-inci idan ta haɗa wa mutane hawa ukun nan, ta yi min kyauta, alhali ita ma ruwa ya shiga garejinta. Sai 'yar uwata baƙar fata, wadda kakanninta mutanen Alabama ne, wadda ta fara ba ni labarin matan Gee's Bend, wani ƙauye a can Alabama, da suke bargo da tsofaffin wandunan gona har aka rataye aikinsu a gidan kayan tarihi na garin nan a 2002. Ita ta kalmashe bakin bargon kaf da hannu, dare huɗu, da tabarau a karan hanci. Allah ya ƙara miki hasken ido.

Jama'ar masallaci da suka buɗe ƙofa ga Musulmi da wanda ba Musulmi ba, samarin da suka zo yankan bango ba su san sunanmu ba, Allah ya saka muku da gidan Aljanna. Maman 'yan biyu, tuwon shinkafa da miyar kukar da kika yi ta aiko mana har mako uku, ni kaɗai na san abin da ya yi min. Allah ya raya miki zuri'a, ya kai ki Makka. Baban yara, ba a saba yabon miji a bainar jama'a ba, amma na ga hannunka yadda ya faffashe, na kuma ji ka kana tashi cikin dare kana lissafi a hankali don kada in farka. Allah ya rufa maka asiri duniya da lahira, ya mayar maka da ninkin abin da ya tafi. Mutanen gida da suka yi ta saukar Alƙur'ani a Kano da Zariya da Maraɗi, addu'arku ta iso.

Waɗanda kuma ba su samu zuwa ba, babu komai, kowa da uzurinsa. Na dai san daga Dallas zuwa nan awa huɗu ce a mota, kuma na ga hotunan Sallah a WhatsApp, an yi kyau, masha Allah. Saƙon “Allah ya kyauta” ya iso, mun amsa da amin. Hausawa dai sun ce zumunta a ƙafa take. Baban yara ya ce in goge wannan sakin layi, na ce to, zan duba.

Ya Allah ka jiƙan Inna, ka haskaka kabarinta, ka sa goyon da ta yi mana ya zama nauyi a mizaninta. Ka jiƙan waɗanda ruwan nan ya tafi da su. Waɗanda har yau suke otal da gidajen mutane, ka mayar da su ɗakunansu. Kada ka sake nuna mana irin wannan dare, mu da maƙiyanmu ma. Duk wanda ya taimake mu da kuɗi, da ƙarfi, da kalma mai daɗi, wanda na ambata da wanda gajiya ta mantar da ni, ka ba shi fiye da abin da yake roƙo.

Ƙungiya na ci gaba da ɗinka wa iyalan da ba su koma gida ba, kuma yanzu matan sun ƙwallafa rai a kan atamfa. Duk mai guntaye a nan kusa, ko rabin yadi ne, ta yi min magana kafin taron Janairu. Auduga kawai, ban da leshi, ban da mai santsi.

Daren Alhamis ɗin nan dusar ƙanƙara ta sauka a Houston, garin da kan yi shekaru bai gan ta ba, ga na'urar ɗumama gidanmu ba a gama haɗa ta ba. Na riga na ninke bargon zan adana a sabon akwati, sai ga kiran Goggo da sassafe, wai ta san halina, in fito da shi, ba don akwati suka ɗinka ba, idan ya yi datti ruwan sanyi ne da sabulu kaɗan. Na fito da shi. Yara huɗu suka dunƙule a ciki a kan tabarma suna leƙen taga, autana yana bin shuɗin da yatsa yana ƙirgawa. Kullum a 31 yake ɓata, ya koma farko.